Ranar da Baffa Bello Ya Zo Karɓar Shara

Tungar Maƙera, kusa da Zugu,
ƙasar Bukkuyum,
cikin watan Safar.

Zuwa ga Yayana Kamaluddeen,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa irin ta ƙane ga wansa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka Lubna da 'yar lelenmu Kausar. Yaya Ikko, yaya ruwa, yaya kasuwar gwangwan? Allah ya sa wa nemanka albarka, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Idon Baba yana nan yadda ka bar shi, da hantsi yana gane mutum, da yamma sai ta murya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi tun da ta fara shafa man da ka aiko. Maiɗakina Fauziyya ta yi nauyi, muna sa ran sauka wajen kaka in Allah ya yarda. Salamatu matar marigayi Sufyanu tana cikin takabarta da haƙuri, 'yarta Asma kuwa ta fara tafiya, tana bin kaji tana faɗuwa. Gero ya yi kyau a gonakin kusa da gari, na nesa dai mun bar wa Allah.

Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san karatun nawa bai yi nisa ba. Na zaɓi takarda ne don maganar ta fi ƙarfin waya. A nan sai mutum ya hau tudun bayan gari yake samun sabis, kuma tudun ba ya rabuwa da kunnuwa. Jamilu direba ya kawo bututan ƙarfen da ka aiko, ya ɓoye su cikin tsofaffin kwanukan rufi kamar yadda ka ce masa. Saƙon muryarka ma ya shigo wayar autanmu Ubaidullah, mun ji shi duka. Ka ce a ƙera bindigogin adaka da su a ba samari, ka ce jinin Sufyanu ba zai tafi a banza ba, ka ce in mun zama mata mu faɗa maka ka aiko mana da zannuwa. Ban ji haushinka ba, Yaya. Ciki ɗaya muka fito da shi, abin da ya ƙona ka shi ya ƙona ni. Amma ban ƙera ba, bututan suna nan jingine a bayan rumbu, kuma ina so ka ji dalili daga bakina kafin wani ya kai maka shi a karkace.

Kai labari aka ba ka, labari kuwa in ya taso daga nan zuwa Ikko yakan zubar da rabin kayansa a hanya. Ni na ɗauko Sufyanu daga gona. Na same shi a gindin kaɗanyar da ke kan iyaka, an lulluɓe shi da bargon makiyaya, an juya fuskarsa gabas, an sassaro ƙaya an kewaye shi saboda ungulu da karnuka. Kowa ya gane bargon. Na Baffa Bello ne, tsohon nan da rugarsa take ƙetaren rafi, wanda shanunsa ke kwana a gonarmu kowane rani tun zamanin kakanmu. Maikuɗi, shugaban 'yan sa-kai, ya ɗaga bargon sama ya ce wa jama'a ga shaida nan, ba sai an je neman wata ba. Na ce masa a hankali, wanda ya kashe mutum ba ya tsayawa saran ƙaya, kuma sawun da ke gonar na tayar babur ne, ba na kofato ba. Babu wanda ya saurare ni. Ranar zuciya ce ke magana, ita kuwa ba ta da kunne.

Daga nan aka hana Fulani shiga gari da kasuwa. Nono ya ɗauke, Inna ta koma dama fura da ruwan tsamiya tana yi tana tsaki. Baba kuwa yana zaune kan buzunsa a kusurwar maƙera daga safe har la'asar, sai dai ka ga carbi yana tafiya. Ubaidu kuma ya saki zuga-zugi. Yaron da in ba ka kore shi ba ba ya barin bakin wuta, sai ga shi kullum a dandalin su Maikuɗi. Ka san yadda suke da Sufyanu, shi ya goya shi, shi ya koya masa babur. Da saƙonka ya zo sai ya zama kamar an ba shi izini daga sama. Yana kunna shi da safe, yana kunna shi wajen cin tuwo, har Asma ta fara kwaikwayon muryarka. Suka tsayar da magana cewa in an yanke gero, daji ya buɗe, za su ƙetare rafi su share rugar.

Ana nan sai ranar cika-ciki ta zo, ranar da abokan wasa ke bin juna shara. Da hantsi ina dukan bakin kalme a kan uwar maƙera, Maikuɗi da yaransa suna zaune suna yi mini naci kan bututan, Ubaidu yana tsaye a bayansu. Sai inuwa ta tare ƙofa. Na ɗaga kai, ga Baffa Bello shi kaɗai, da gora a hannu, ba sanda. Ni tunda nake ban taɓa ganinsa ba sanda ba, sai ya yi mini kama da wanda ya fito ba hula. Ya yi sallama, sannan ya ɗaga murya ya ce wai bayin gidan nan ba su tashi daga barci ba ne, ga ubangidansu ya zo karɓar shara an bar shi tsaye ba tabarma. Ya ce ko baƙin gawayi ne ya toshe mana ido. Bakinsa yana wasa, amma bai ƙetare dokin ƙofa ba. Maikuɗi ya miƙe. Na ga hannun Ubaidu ya sauka kan masabar dukan ƙarfe.

Sai Baba ya yi gyaran murya. Ya tambaya wa ya bar ɓarawon shanun nan mai ƙafa kamar karan dawa ya shigo masa maƙera. Ya ce yaushe duniya ta lalace har bawa ke bin ubangidansa shara, alhali kowa ya san shanu na maƙera ne, kiwo aka ba Fulani don an ga ba su iya riƙe fartanya. Ya ce in ya zo da nonon shanunsa ya miƙo, in bai zo da shi ba ya koma inda ya fito. Yaya, ka san abin da wannan ke nufi a gidanmu. In Bafulatani ya jefa wasa a maƙera, maigida ya mayar masa, to ya shiga ƙarƙashin rigar maigidan ke nan, wanda ya taɓa shi gemun Baba ya taɓa. Maikuɗi ma ya sani, don kakarsa ta wajen uwa 'yar maƙera ce. Ya tsaya yana huci, sannan ya koma ya zauna a bakin benci kamar mai shirin tashi.

Aka shiga da gorar cikin gida. Ba a jima ba sai ga muryar Inna daga bayan zana, tana cewa a tambayi wanga tsoho ko ya ɗauka harshenta ya mutu, ai wannan nonon akuya ne, har da warin bunsuru. Baba ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun rasuwar. Ya ce ashe Bafulatani ya sauka daga saniya ya koma bin akuya kamar tsohuwar cikin gari, ina shanuna da na ba ka? Baffa Bello ma yana dariya ya ce shanunka, ranka ya daɗe, baƙin da suka ziyarci gonarka su suka biya ta wurina suka tafi da su, suka bar ni da 'yan awaki. Ya ce ɗansa na fari ya bi su yana roƙo su bar masa ko saniya ɗaya ta tatsa saboda yara, har yau bai dawo ba, kuma ya daina sa ido a hanya. Yana faɗa da murmushin wasan a fuskarsa, har murmushin ya ƙare ya bar fuskar haka nan. Ya ce ranar yana ɓoye cikin sabara ya ji harbi ta wajen gonarmu. Da ƙura ta lafa ya fito ya tarar da Sufyanu rai ya riga ya yi halinsa, ya yi masa abin da ya iya. Bai shigo gari da labarin ba don ya san da wane ido za a dube shi, ta'aziyya ma ya rasa ƙofar kawo ta, sai da ya zauna ya lissafa cewa ranar shara ce kaɗai maƙeri ba zai iya korarsa ba.

Maikuɗi bai bar shi haka ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce to ɗan ƙanenka fa, da aka gani a bayan babur ɗin ɓarayin daji? Na zaci tsohon zai musa, amma bai musa ba. Ya ce gaskiya ne, yaron ya shiga daji tun shekarar da aka tare ubansa a hanyar kasuwa ta wajen Gummi aka kashe shi ba tare da an tambaye shi ko sunansa ba. Ya ce yaron ne ma ya nuna musu inda garken yake kwana, garken da ya sha nononsa ya girma. Sannan ya dubi Maikuɗi ya ce, a rugata akwai sauran samari, ina riƙe da su da haƙori, wanda na doka na doka, wanda na roƙa na roƙa. In kun ƙone rugar, ƙofa ɗaya ce za ta rage musu a buɗe, kuma kun san ta. Ɗaya daga cikin yaran Maikuɗi ya sunkuyar da kai yana zane ƙasa da tsinke.

Baba ya sa na ɗauko ɗan gatari cikin waɗanda na ƙera, ya ba shi a matsayin shara, ya ce ya je ya sassaro wa awakinsa ganye tunda abin da ya iya ke nan yanzu. Inna ta aiko da bargon, ashe ta wanke shi ta ajiye a ƙasan akwatinta ba wanda ya sani. Sai Baba ya ce Ubaidu ya ɗauki gorar ya raka baƙo har bakin rafi, don auta ke rakiya a gidan nan. Ni kuwa na san akwai wuƙa a ƙugun Ubaidu. Na so in ce ni zan je, Baba ya ɗaga mini hannu. Da suka fita na bi su daga nesa ina fakewa da gero. Tsohon yana gaba yana ɗingishi, ƙeyarsa a buɗe, Ubaidu yana bayansa taku biyu, hanya ba kowa. Ban taɓa jin tsawon hanyar rafi ba sai ranar. A bakin ruwa Baffa Bello ya sunkuya ya jawo sandarsa daga cikin ciyawa inda ya ɓoye ta, ya juyo ya yi wa Ubaidu magana. Ban ji abin da ya ce ba. Na ga dai Ubaidu ya miƙa masa gorar da hannu biyu, ya tsaya har tsohon ya haye. Ni Ubaidu bai gaya mini komai ba, Fauziyya ya gaya wa daga baya. Wai tsohon ya ce masa ya tarar da Sufyanu da fartanya a hannu bai sake ta ba, shi ya rufe masa ido ya yi masa addu'a, fuskarsa kuma lafiya lau kamar mai barci. Sannan ya ce masa wani karon ya wanke hannu kafin ya taɓa gorar mutane, ya ɓata masa ita da baƙi.

Tun daga ranar abubuwa suka fara sassautawa, a hankali dai, kamar yadda ƙarfe ke lanƙwasa. Kasuwa har yanzu a rufe take gare su, amma Sahura matar Baffa Bello takan kawo ɗan abin da suka tatsa ƙofar maƙera, matan unguwa su fito su saya suna yi mata tsiyar warin bunsuru, ita kuma tana ce musu masu baƙin wuya. Liman da maigari sun zauna da dattawan rugar a zauren Baba. Abin da aka tsayar shi ne duk wanda ya ga baƙon babur ya sanar da ɗan'uwansa, mu kuma mu sanar da jami'an tsaro. Wannan maganar ta tsaya tsakanina da kai, don in ta fita rayukansu ne. Kwanan baya Sahura ta zo da sassafe, tana auna wa Inna nono ta ce mata yau kada kowa ya je gonakin fadama, an ga sawu a mashigi. Aka hana kowa fita. Da azahar masu babura suka bi ta fadamar, suka tarar da gonaki ba mutum, suka wuce. Cikin waɗanda suka yi niyyar zuwa noma can ranar har da ƙanen Maikuɗi. Mu da ke cikin gari ba ma ganin daji, Yaya. Su ke kwana a bakinsa. Da mun ƙone su, da idonmu muka tsone.

Kada ka ɗauka ina cewa mu kwanta a yanka mu. Ni ma ina fita gadi, ina da ranata kamar kowa, kuma ba na cewa an gama, don ko makon jiya an shiga wani ƙauye ta wajen Anka, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Tsare gida daban, ƙetare rafi daban. Na zauna a bakin wuta na yi ta juya maganar nan, abin da na gani shi ne adakar da zan ƙera ba za ta taɓa kaiwa ga wanda ya harbi Sufyanu ba. Shi yana can tsakiyar daji da bindigar da ke magana ba numfashi. Wanda adakata za ta samu shi ne mai sanda da mai ƙwarya a ka, don su ne kusa, su ne ba sa gudu. In ta same su kuma, 'ya'yansu za su tafi inda ɗan ƙanen Baffa Bello ya tafi, su dawo mana da baɗi a bayan babur, su sami wani a gona. Wuta muke sana'a da ita a gidan nan, mun fi kowa sanin ba a kashe ta da zuga-zugi. Haƙuri ba tsoro ba ne, mahaƙurci mawadaci in ji manya, ni kuwa wadatar da nake nema ita ce Asma ta girma ta kai wa mai noma abinci gona ta dawo.

To ga inda nake neman taimakonka. Ubaidu ya dawo maƙera. Ranar da ya dawo zama kawai ya yi ya kama zuga-zugi kamar jiya ya ajiye, ni kuma na miƙa ƙarfe a wuta. Yana cin abinci, yana wasa da Asma, ran nan har na ji ya ce wa Sahura ta gaida bawansa. Amma bai goge saƙonka ba. Wani lokaci in ya zaga bayan rumbu nakan ji muryarka tana tashi ƙasa-ƙasa, in ya fito sai in ga idonsa ya canza. Yaran Maikuɗi sun ragu, amma shi bai janye maganarsa ta bayan girbi ba, kuma ya daina zuwa wurina, Ubaidu yake tarewa a hanyar masallaci. Yaron ya iya huda bututu kamar yadda na iya, ba ya buƙatar izinina. Abin da ke riƙe da shi maganar Baba ce, abin da ke jansa taka ce. Yana ganin in ya bari ya ci amanar Sufyanu kuma ya kunyata a idonka. Ni ya ɗauke ni mai sanyin zuciya tun muna yara, maganata ba ta da nauyin taka. Gero kuwa ya fara fitar da kai, lokaci ba ya jiranmu.

Ba na ce ka ba kowa haƙuri ba, ba na ce ka daina jin zafi ba. Ka faɗa masa da bakinka cewa ka ji yadda abin ya kasance, ka janye maganar zannuwa, kuma zaman da yake yi a bakin wuta kusa da Baba shi ne abin da kake so. In kana da faɗa ka yi da ni, zan ɗauka. Bututan naka ne, sai abin da ka ce. Fauziyya ta ce za su yi kyau a turakun rumfa a ƙofar maƙera, don masu nono suna shan rana, amma ban taɓa su ba sai na ji daga gare ka.

Baba yana sa maka albarka, ya ce ka riƙe salla ka rage fushi. Inna tana gaishe ka, ta ce a gaya wa Lubna kukar da daddawar da ke cikin ƙullin nan nata ne, kada ka raba wa abokai. Salamatu da Fauziyya suna gaida Lubna da Kausar. Ka gaida Kawu Sani na Agege da duk 'yan garinmu da ke nan. Baffa Bello ma da ya ji zan rubuto ya ce a gaida bawansa na Ikko, a ce masa sharar bana tana nan a wuyansa, ya taho da ita da kansa in ya zo ganin jariri.

Ranar kasuwar Bukkuyum mai zuwa bayan takardar nan ta iso hannunka, zan ja Ubaidu mu kai kalmuna da lauje. Can akwai sabis sosai. Bayan azahar zan ce masa ya tsare kaya in tafi neman gawayi, in daɗe ban dawo ba. Wayar tana aljihunsa. Ka kira shi, Yaya.

Allah ya jiƙan Sufyanu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanenka mai jiran amsarka,
Sahabi